Curin Toka a Bangon Kawu

Makon jiya muka rushe tsohon ɗakin Kawu a Bunkure don mu sa bulo. Magini ya ɗaga diga, sai na hango wani curin toka manne a bango, na kurma ihun da na tabbata an ji shi a Garun Mallam.

Kawu yana da irin kabewar da jaki ke gani ya juya baya saboda girmanta. Ranar da muka fasa ta ƙarshe, na nutsa cikinta har gwiwar hannu, ga sanyi, ga wani ƙamshi kamar sabon ruwan sama. Ya wanke 'ya'yan, ya shanya a inuwa, ya kwaɓa su da toka ya maka a bango.

Na ce, "Kawu, yanzu bangon ma sai an ba shi rabonsa?"

Ya ce, "Kai dai je ka da ledarka, ɗan zamani. Zan ga mai kuka."

Ni ne na yi kukan. Nawa 'ya'yan kabewar da na adana a leda sun yi fumfuna, shi kuma ya rasu kafin rani, na ɗauka irin ya bi shi.

Shekara uku ke nan. Na ɓare curin, na sami ƙwara tara, na binne su a bakin kanal ɗin ban ruwa. Yau da safe biyu sun fasa ƙasa, kore shar. Na durƙusa na yayyafa musu ruwa.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya yalwata masa kabarinsa fiye da kabewarsa.