Gefen da Sakatare Ba Ya Gani

Sakatare ake ce masa, ko da yake bai taɓa zama sakataren kowa ba. Shekara talatin da ɗoriya ya yi yana buga wa mutane takardu a wani ɗan shago kusa da ƙofar kwaleji, tsakanin mai ɗaukar hoto da mai ɗinkin littattafai. Da tafireta ya fara, kuma har ya koma kwamfutar tafi-da-gidanka bai daina dukan madannai da ƙarfi ba. Tun daga bakin titi kana jin ƙas-ƙas ɗinsa. Abin alfaharinsa guda ne: takarda ba ta fita daga shagonsa da kuskure. Sai ya fitar da ita, ya bi ta da yatsa sau biyu, sannan ya miƙa maka.

Auta, 'yarsa ta ƙarshe, ita ta fasa masa gilashin kwamfutar tun tana aji uku a sakandare. Murfin biro ta manta a kan madannai, ta rufe. Da ya buɗe sai ga tsaga, ga wani baƙin tabo a gefen dama kamar an ɓarar da tawada. Ta tsaya tana jiran faɗa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "To, Auta, kin rage mini aiki. Rabin shafi ya fi saurin karantuwa."

Tabon ya yi ta yaɗo har ya cinye kashi ɗaya cikin uku na gilashin. Kullum wata mai zuwa zai canza shi, kullum hidimar makarantar wani cikin yara ta sha gaba. Sai ya koyi zama da shi, yana tura shafi gefen hagu ya yi aikinsa a can. Ɗalibai kan tsokane shi.

"Baba Sakatare, kwamfutar nan taka ido ɗaya gare ta."

"Ido ɗayan ya gano kuskure goma sha biyu a shafinka na farko. Zauna."

Ba mutum ne mai faɗa ba, amma yana da wata ɗabi'a da kowa a gidan ya sani. Idan mai aiki ya ci masa mutunci, ba zai rama ba. Zai ba shi takardarsa, ya goge fayil ɗinsa daga kwamfutar, daga ranar kuma ba zai ƙara ambaton sunansa ba.

Bayan Auta ta gama jami'a, wani kamfani ya buɗe neman ma'aikata. Sakatare ya ce shi zai buga mata takardar neman aikin. Da ta leƙa ta ga abin da ya rubuta, doguwar wasiƙa mai farawa da ladabi da biyayya, sai ranta ya ɓaci.

"Baba, yanzu ba a yin irin wannan. Gida biyu ake raba shafin, karatu a nan, lamba da ƙwarewa a can. Wannan ta zamanin tafireta ce, dariya za a yi mini." Ɗalibai biyu na zaune a benci suna ji, amma ba ta tsaya ba. "Kai da ko gilashin ma ba ka ganinsa duka."

Ya cire tabarau, ya goge da bakin riga, ya mayar. "To," kawai ya ce.

Ta tsallaka titi, wani sabon shago ya buga mata. Kwana huɗu gaisuwa kaɗai ke haɗa su. A rana ta biyar da hantsi ya yanke jiki ya faɗi a shago, kwamfutar ta biyo shi ƙasa. Kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa.

Masu gaisuwa sun watse, yayyenta sun koma garuruwan aikinsu, Auta ta kasa cin abinci. Ko ƙarar madannai ta ji a wani wuri sai ta bar wurin. Tambaya ɗaya ce ke cinta: ya goge nata fayil ɗin, ko bai goge ba? Ta danna kwamfutar ya fi sau ashirin. Ɗan haske na kamawa a gefe, fanka na juyawa, gilashin kuwa baƙi ƙirin.

Mako uku bayan rasuwar ta naɗe ta a tawul ta kai wa Injiniya, tsohon mai gyara da ke bayan kasuwa, abokin babanta. Shagonsa cike yake da gawarwakin kwamfutoci har kusa da rufi. Ya gane kwamfutar tun kafin Auta ta kwance tawul ɗin.

"Mai ido ɗaya ce kika kawo mini? Allah ya jiƙan maigidanta. Shekara takwas ina roƙonsa ya bar ni in canza gilashin nan."

"Kawu, ba gyara nake so ba. Abu ɗaya nake son gani a ciki."

Ya dube ta ta saman tabarau, bai tambaye ta ko mene ne ba. Ya danna, ya kara kunne ya saurari fankar. Sannan ya ɗauko 'yar tocila ya haska gilashin a karkace.

"Matso, 'yata. Kin ga inuwar rubutu can ciki? Tana da rai. Fitilar bayan gilashin ce ta mutu da ta faɗi, kanta lafiya lau."

Ya jawo wata shuɗiyar waya, ya haɗa kwamfutar da babban allon da ke kan teburinsa. Allon ya yi ƙifta biyu ya kawo. Auta ta riƙe bakin tebur.

Gefen hagu ta fara dubawa, inda babanta ke jera aikinsa. Ɗalibai. Wasiƙu. Takardun haya. Ta buɗe Wasiƙu ta bi suna-suna har ƙasa, ta sake dawowa sama. Babu nata. Ta buɗe kwandon shara na kwamfutar, shi ma wayam. Ta zauna a kan wani kwali.

"Ya goge, Kawu."

"Me ya goge?"

Sai ta ba shi labarin duka, har da maganar gilashin, wadda ko Umma ba ta gaya wa ba. Injiniya ya sosa gemu.

"Kin faɗi magana, ba ƙarya. Amma ke ma hagu kaɗai kike kallo. Dubi dama."

"Ai ba ya ganin dama."

"Ba ya gani, amma ya san hanya. Ɗalibai na taɓa masa kwamfuta in ya juya baya, shi ya sa abin da yake ji da shi yake tura shi ƙarƙashin tabon. Da kibiyoyin madannai yake zuwa wurin, yana ƙirgawa a ransa. Ni ya taɓa nuna mini."

A can ƙarshen dama, wurin da Auta ba ta ƙara gani ba tun ranar murfin biro, folda biyar ce a jere, kowace da sunan da yake kiran ɗaya daga cikin 'ya'yansa da shi a gida. Ta ƙasan ita ce Auta. Ta buɗe. Sakamakon jarrabawarta tun na firamare, hotonta ranar yaye ɗalibai, sai fayil shida: Auta aiki ɗaya, Auta aiki biyu, har shida. Na ɗaya ita ce doguwar wasiƙar. Sauran biyar duk bayan ranar da ta tsallaka titi aka yi su. Na shidan, ranar da ya rasu, ƙarfe goma saura na safe.

Shafin a rabe yake gida biyu, yadda ta ce ana yi. Ɓangaren hagu tsaf, ko ɗigo bai kauce ba. Ɓangaren dama kuwa, wanda ya faɗa ƙarƙashin tabon, da ka ya buga shi. Haruffa sun hau juna a wuri uku, lambar wayarta ta fito sau biyu, layi ɗaya ya tsaya a tsakiyar kalma. Bai kai ga fitar da ita ya bi da yatsa ba.

"Shi fa, da kuskure," Injiniya ya ce a hankali, ya juya yana neman wani abu a cikin akwatin kayan aiki, ya daɗe bai samu ba.

An rufe karɓar takardun aikin tun mako biyu da suka wuce, kuma ta sabon shagon ce ta tafi. Duk da haka Auta ta ce Injiniya ya fitar mata da wannan a takarda. Ta karɓa da ɗuminta, ta bi ta da yatsa, sau biyu. Injiniya ya miƙo mata biro ko za ta gyara. Ta girgiza kai.

Da la'asar ta isa gida. Umma na zaune a tsakar gida tana ninke rigunan marigayi. Ba ta tambayi inda ta je ba, tawul ɗin kawai ta kalla. Ashe ta daɗe da sanin abin da ke cin yarinyar.

"Ya goge?"

"Bai goge ba, Umma."

Umma ta shafa rigar da ke cinyarta, ta ɗora ta a kan sauran.

"To, wanke hannu ki ci abinci."