Mai Tare wa Folkert Iska

Siebren Wijnja ɗan masu shanun madara ne a wani ƙauye na Friesland. Shi ya koya wa Folkert, ɗan maƙwabcinsu, yadda ake duƙawa a kan keke in iskar teku ta taso. Tare wata ƙungiyar tseren keke ta ɗauke su, amma da aka gwada su a hawan tudu, koci ya ce Folkert ne jagora. Aikin Siebren shi ne ya shiga gaba ya tare masa iska, ya koma motar ƙungiya ya ɗebo masa ruwa, in ƙarfinsa ya ƙare ya kauce.

Haka ƙuruciyarsa ta tafi. Folkert na kan dandamali ana miƙa masa furanni, shi yana gefen bas ɗin ƙungiya yana goge taɓo.

Sau ɗaya sa'a ta leƙo shi, a tuddan Limburg. Ya tsere wa kowa, har yana jin ihun 'yan kallo, sai muryar koci ta na'urar da ke kunnensa: "Siebren, tsaya! Tayar Folkert ta fashe."

"Yallaɓai, ni ne fa a gaba!"

"Na ce ka tsaya."

Ya tsaya, ya cire tayarsa ya ba shi. Folkert ya ci tseren. A jarida ko sunan Siebren bai fito ba.

Da gwiwa ta gaza, ya koma wa shanun mahaifinsa. Folkert kuwa ya zama mai sharhin tsere a talabijin. Da zarar ya bayyana, sai Siebren ya kashe sautin talabijin ɗin.

"Kai dai kishi zai kashe ka," in ji matarsa Tjitske, tana yanka masa cuku.

"Wane kishi? Surutu ne ya yi masa yawa."

Sai ga 'yarsa Femke ta fara tsere. Wata safiya ya shiga ɗakinta ya tarar da ƙaton hoton Folkert a bango, na ranar Limburg.

"Baba, ai abokinka ne. Don Allah ka kai ya sa mini hannu."

Ya daɗe yana kallon hoton. Ya cire shi, ya naɗe, ya kai. Folkert ya rungume shi, ya sa hannu, ya ce, "Ka gaya mata ta zo in koya mata."

Siebren bai isar da saƙon ba.