Gurbin Sunan Baba a Rajista

Shekara huɗu na yi ina riƙe da rajistar wata ƙungiyar masu lambu a Madarumfa. Biro ɗinmu, wato ofis, ɗaki guda ne a bakin tafki, da taga ɗaya da ordinater ɗaya, wato kwamfuta. A cikin na'urar kowane manomi yana da layinsa: sunansa, ƙauyensu, faɗin lambunsa da abin da yake shukawa. In mutum ya rasu ko ya bar noma, ni ce mai goge shi.

Mahaifina ma yana ciki, manomin albasa ne. Allah ya yi masa rasuwa da kaka, ana tsakiyar yankan gero. Na sha goge mutane ban ji komai ba, amma nasa sai da na yi wata biyu ina cewa gobe. Ranar da na daure, da hantsi ne, ruwa ya kwanta luf, jiragen masunta kamar ba sa motsi. Na danna, na'ura ta tambaye ni ko na tabbata, na ce e. Layin ƙasa ya hau ya rufe wurin.

Duk Alhamis nakan kwafe rajistar in adana, don haka na san nauyinta, wato yawan wurin da take ci a na'urar, da ka. A makon nan na ga bai ragu ba ko kaɗan. Akwai wani dattijo da yake zuwa daga Maradi a kan babur duk wata yana duba mana na'urar, sai na tambaye shi.

"Malam, tun damina nake cire mutane, amma nauyin nan yana nan yadda yake. Ko ta lalace?"

Ya yi murmushi yana goge tabarau. "Lafiyarta lau, 'yata. Ba ta share komai nan take. Alama kawai take sawa cewa wurin nan ba mai shi. Rubutun yana nan kwance a kan diski, ta dai daina nuna miki. Sai ranar da kika shigar da sabon mutum, ta nemi gurbin da zai ɗauke shi, ta rubuta a kai."

"Ke nan wanda na goge yana ciki?"

"Har a zo a zauna masa. In kina so, in matse ta yanzu, guraben duka su tafi."

"A'a Malam, bar ta."

Ya ɗan dube ni, bai tambayi dalili ba.

Mako uku ba wanda ya zo shiga ƙungiya. Nakan kunna na'urar da safe in zauna ina jin ƙugin ta, idona a kan tsuntsayen da ke sauka cikin ciyawar ruwa. Na san inda mamaci yake, ina kuma yi masa addu'a bayan kowace salla. Duk da haka sai in riƙa ganin Baba a wani wuri mai inuwa can ciki, zaune yadda yakan zauna gindin mangwaro bayan ya gama ban ruwa, ƙafa duk taɓo, hula a kan gwiwa, ba ya gaggawar komai.

Wata safiya amalanken jaki ya tsaya a ƙofa, wata tsohuwa daga Safo ta sauko. An ba ta aron fili za ta sa yalo da tumatir. Ta faɗi sunanta, na sa hannu a kan maɓallai na kasa dannawa.

"'Yar nan, lafiya? Ko kuran ne ya ɗauke, ba wuta?"

"Lafiya lau, Inna. Sake faɗa mini."

Ta sake faɗa da ƙarfi, a zatonta kurma ce ni. Na rubuta harafi bayan harafi, na yi bisimilla na adana. Layinta ya fito a ƙasa, ba abin da ya nuna inda na'urar ta kwantar da shi. Daga baya dattijon ya ce mini guraben suna da yawa, ko shi ba zai iya cewa wanne ta ɗauka ba.

Tsohuwar ba ta san inda filin yake ba, sai na rufe biro na raka ta. Muka bi ta tsakanin fangalin ganyen salati, tana ba ni labarin jikokinta da suka tafi cin rani Najeriya. Da muka isa ta cire takalmi ta taka ƙasar, ta duƙa ta murza ta a hannu ta shinshina.

"Wannan za ta yi yalo," in ji ta. "Ki dawo bayan wata biyu da ƙwarya."