Hajiya Ummakulsum Ilu, Wadda Ta Sauko da Taro Daga Bene

Haihuwa

An haifi Hajiya Ummakulsum a unguwar Kwaciri ta Fagge, Kano, a shekarar 1963. Mahaifinta Malam Ilu magatakardan kotu ne, sunan mahaifiyarta Nana Hafsat. Ƙanwarta Huseina kurma ce, saboda haka Ummakulsum ta ƙware a maganar hannu tun kafin ta shiga makaranta.

Ilimi da aure

Ta kammala kwalejin horon malamai a 1982, aka ɗaura mata aure da Malam Hamzat, mai shagon yadi a Bata, a 1984. Ta shekara talatin tana koyar da kurame.

Taron 2009

A watan Mayun 2009 aka gayyace ta ta yi tafinta da maganar hannu a taron masu buƙata ta musamman, a wani otal na Titin Ibrahim Taiwo. Zauren yana hawa na biyu. A gindin matattakala ta tarar da Chinyere, tela daga Sabon Gari, zaune a keken guragu da katin gayyata a hannu.

"Hajiya, ki hau. In kun sauko kya ba ni labari," in ji Chinyere.

"A'a, 'yar'uwa, su ne za su sauko."

Shugaban taron ya ƙi. Hajiya ta ce to ba za ta ɗaga hannu ta yi tafinta ba, alhali rabin mahalartan kurame ne. Aka sauko da kujeru harabar otal ana dariya, Chinyere ta fara jawabi.

Daga ranar ita da Chinyere suka kafa ƙungiya, suna bin zaurukan biki da masallatai da majami'un Fagge da Sabon Gari, har talatin da ɗaya daga cikinsu suka gina gangarar keken guragu a ƙofa.

Zamanin intanet

Da annobar korona ta mayar da tarurruka kan waya a 2020, ta koyi harkar tana da shekara hamsin da bakwai. Ba ta yarda a saki bidiyo sai da rubutu a ƙasa da tafinta a gefe, kuma kowane hoto sai an bayyana shi da murya domin makafi.

Rasuwa

Allah ya yi mata rasuwa ranar Alhamis, 14 ga Maris, 2024, cikin watan azumi, aka yi mata sutura bayan La'asar. Ta bar mijinta da 'ya'ya huɗu: Sadisu, Gana, Ikhlas da Najwa. Bisa wasiyyarta, sun sanar da rasuwar da murya, da rubutu, da hannu. Allah ya gafarta mata.