Kofunan Jamus a Hannun Mai Gahawa

Sana'ata zuba gahawa. Tun ina saurayi a Jidda nake riƙe dalla, wato butar gahawa mai dogon baki, a hannun hagu, finjalai a jere a hannun dama, ina bin manyan mutane ina zuba musu abin da bai wuce kurɓi biyu ba. Mahaifina ma abin da ya yi ke nan bayan ya taso daga Sudan aikin hajji bai koma ba. Aikin ba wuya a ido, amma yana da ƙa'ida. Da babba ake farawa, da dama ake miƙawa, ba a cika finjali, kuma ba ka matsawa sai baƙo ya girgiza finjalinsa alamar ya ishe shi. Gida ɗaya na yi wa wannan hidima har gemuna ya yi fari, gidan wani tsohon ɗan kasuwa wanda shi ne kafilina, wato mai tsaya mini a takardun zama a ƙasar. Ammi muke ce masa.

A gidan akwai ƙanin matata. Ni na samo masa aikin, ni kuma na tsare masa hanya. Shekara da shekaru yana wanke finjalai yana bina da farantin dabino, duk ranar da aka ce a ba shi dalla ya zuba wa sahun gaba sai in ce hannunsa bai nuna ba tukuna. Har ya yi furfura a gefen kunne hannun bai nuna ba. Gaskiyar magana nawa hannun ne ya fara karkarwa. Wata rana na ɗiga wa wani baƙo gahawa a farar riga, babban ɗan Ammi ya kira ni gefe cikin ladabi ya ce ko zan koma wajen murhu in riƙa dafawa, in bar wa ƙanin matata zagayen. Na ji kamar an ce in je in jira liman ya zo ya sallace ni. Ammi ya ce a bar maganar sai ya dawo daga Jamus, inda za a yi masa aikin gwiwa.

Da ni aka tafi, don Ammi ba ya shan gahawar kowa sai tawa, kuma ana bukatar mai tura masa keken marasa lafiya.

An yi aiki lafiya. Sai zaman jinya a wani masauki a birnin Munik, ga sanyi, ga Ammi ba ya son zama wuri ɗaya. Kullum muna taga muna kallon titi. Wata safiya muka ga jama'a na kwarara gefe guda. Maza sanye da gajeren wando na fata, har da tsofaffi sa'o'ina, gwiwa a waje, hula da gashin tsuntsu a soke. Mata kuma da manyan siket da ƙyallen girki ɗaure a gaba, kamar kowace an kira ta daga kicin ba shiri. Ammi ya tambayi wani Balaraben Maroko da ke aiki a masaukin, ya ce bikin giya ne, duk shekara ake yi.

Ammi ya yi a'uziyya da ƙarfi. Ya ja carbi na ɗan lokaci. Sannan ya ce, "Da nisa?"

Babban ɗansa, da shi ma aka zo, ya fita kai matan gidan kasuwa. Na lulluɓe wa Ammi ƙafa da bargo muka bi jama'a. A hanya ya yi mini bayani cewa kallon ikon Allah za mu je, kuma daga bakin ƙofa za mu tsaya.

Fili ne babba. Ga lilo mai juyawa har sama mutane na ihu a ciki kuma wai da kuɗinsu suka hau, ga ƙamshin gasasshen kaza, ga dawakai masu kofato kamar turmi suna jan ganguna. Muka tsaya a bakin wata rumfa da ta fi filin ƙwallon unguwarmu girma. Ammi ya ce bakin ƙofar akwai iska, likita kuma ya hana shi iska. Mai gadi da ya ga keke ya buɗe mana hanya da kansa, har da sunkuyawa. Allah ya yafe mini, abin da ya fara faɗo mini a rai da na ga cikin rumfar shi ne cunkoson Mina, sai dai a nan kowa yana tsaye kan benci yana waƙa, masu busa ƙaho suna tsakiya fuskarsu ta yi jawur.

Wani tsohon Bature mai murɗaɗɗen gashin baki da matarsa suka matsa mana a ƙarshen tebur. Baturen ya nuna bargon Ammi, Ammi ya ɗaga ya nuna masa ɗinkin gwiwa. Shi kuwa dama tasa a waje take, ya juyo ta, ga irin ɗinkin sak. Shi ke nan suka zama aminai, wannan na Larabci wancan na Jamusanci, kowa na zagin likitansa. Aka kawo mana ruwan tuffa mai gas. Ammi ya sa na sansana, na ɗanɗana, na jira mu ga ko zan fara waƙa, sannan ya sha. Aka kawo wani burodi mai gishiri da aka ƙulla kamar igiyar ɗaure akuya. Duk bayan ɗan lokaci masu ƙaho su busa wata waƙa, kowa ya ɗaga kofi ya gwara da na maƙwabcinsa. Ammi ya ce gwara kofi ba ɗabi'armu ba ce, amma ba a kunyata maƙwabci. Ya gwara.

Kofunan su suka fara ɗaure mini kai. Ni da na saba da finjali mai girman rabin ƙwai, ga kofin gilashi mai kauri da hannu, wanda in ka cika shi zai ishi mutum alwala har da ragi.

Sai ga wata mata mai raba kofunan. Ba yarinya ba ce, za ta yi sa'ar matata. Ta ratso jama'a da kofuna cike a hannu biyu, tuli guda a dama tuli guda a hagu, ta rungume su a ƙirji, usur a baki tana hurawa, ƙarti na darewa. Ko ɗigo bai zuba ba. Ni mai sana'a ne, na san hannu in na gan shi. Na bar Ammi da amininsa na bi ta har wajen tagar da ake cika kofunan. Na ga yadda take tara hannuwan kofunan wuri guda su haɗa kai, ta zura yatsu, ta ɗan jingina baya, ta ɗaga da ƙugu ba da kafaɗa ba. Na ga takunta, gajere mai sauri. Na bi ta na dawo, na sake binta, har ta fara yi mini wani irin kallo.

Abu ɗaya ne. Rigar matan wurin wuyanta a buɗe yake sosai, kuma in ta iso tebur sai ta sunkuya. Duk lokacin da ta sunkuya ni kuma sai in kawar da kai ƙasa, yadda aka tarbiyyantar da ni. In na ɗago, kofuna suna kan tebur, ta wuce. Ammi ya ce shi ma yana kawar da kai. Tunda nawa kan yana ƙasa, ba zan iya ba da shaida ba.

A wurin na ƙudurta abin da zan yi. In mace sa'ar matata za ta ɗauki wannan kaya, ni ma zan ɗauka a gaban ɗan Ammi da baƙinsa, mu ga wanda zai ƙara cewa hannuna na karkarwa. A wani shago a waje na sayi kofuna goma sababbi, mai shagon ya tabbatar mini da hannu da ka cewa giya ba ta taɓa shiga cikinsu ba. Duk da haka na wanke su sau bakwai. Don su shiga akwati na bar rigar sanyina a Jamus, turaren da na yi wa matata alkawari kuma ban saya ba. A filin jirgin Jidda ma'aikaci ya ɗaga ɗaya ya juya shi ya tambaye ni na mene ne, na ce na shan sobiya ne. Ya ce Allah ya ƙara mana lafiya.

Matata ta jera su a tsakar ɗakinmu a unguwar Sa'alaba ta tsaya tana kallo. Ta ce mazan mutane na zuwa Turai su dawo da jaka da turare, ni na dawo mata da bokitai masu hannu. Na ce kofunan ruwa ne na Jamusawa. Ta ce, "Malam, wane irin ƙishi ke damun mutanen nan?"

Aka sa ranar walimar godiya ga Allah da Ammi ya taka da ƙafarsa, bayan sallar Juma'a. Kafin ranar, kullum bayan la'asar ina kan rufin gida ina gwaji da ruwa. Na fara da biyu biyu, na kai uku uku, har na kai biyar a kowane hannu. In na je ƙarshen rufi na dawo, matata na tsaye, sai ta riƙa zare su ɗaya bayan ɗaya daga yatsuna, don tsoron kada in fasa ɗaya jikoki su taka. Kullum haka. Ban taɓa kawo komai a raina ba.

Ranar walima na cika su da farar sobiya mai sanyi, abin shan nan na sha'ir da mutanen Hijaz ke so. Ƙanin matata ya leƙo kicin ya ce, "Yaya, wanka za a yi wa baƙin?" Na ce ya riƙe dabinonsa ya buɗe mini ƙofa.

Na tara hannuwa, na zura yatsu, na ɗaga da ƙugu. Na shiga majalisi da gajeren taku mai sauri. Kowa ya juyo. Wani ya ce masha Allah, sauran suka amsa. Na ga ɗan Ammi ya buɗe baki. Wallahi tsakanin ƙofa da kujerar Ammi ban taɓa jin daɗin sana'ata kamar haka ba.

Na iso gaban Ammi. Teburin da ke gabansa ɗan ƙarami ne na gilashi, bai kai gwiwata ba. A nan na tuna cewa ban san yadda ake ajiyewa ba.

Na ɗan rusuna, sobiya ta karkato. Na miƙe. Na gwada sakin yatsa ɗaya, kofuna biyar suka yi ƙara tare. Ba wanda zai miƙo hannu ya karɓa kafin Ammi, wannan ba a yi. Ammi kuma ba zai iya zare kofi daga cikin ƙullin yatsuna ba, mutumin da ko finjali sai ya tallafa. Na hagu kuwa ko da an zare ba a ba baƙo da hagu. Na tsaya ina murmushi, gumi na bin gemuna.

Ammi ya gane kofunan tun daga ƙofa. Kafaɗunsa na rawa don dariyar da yake dannewa. Ya ce a hankali, "Ba ka ga yadda take ajiyewa ba?"

Na ce, "Na kawar da kai, ya Ammi."

"Ni na gani," in ji shi, "amma ba zan iya kwatantawa a gaban mutane ba."

Ɗansa ya matso ya tambaya wace ce ake magana. Ammi ya ce wata nas ce a asibiti.

Tsayuwa ta gagara, don in na tsaya nauyin yana ninkuwa. Sai na ci gaba da tafiya. Na zagaye majalisin ina nuna wa kowa kofunan, na ce haka Jamusawa ke yi, sai baƙi sun gani tukuna. Wani dattijo ya yaba da wannan al'ada. A zagaye na biyu ba wanda ya yaba. Hannuwana sun mutu daga gwiwar hannu zuwa ƙasa, sobiya ta fara gangarowa cikin hannun rigata, masu fararen riguna suna janye ƙafa in na doso. Na fara lissafin wanda zan zuba wa in ta kama dole, na zaɓi wani ɗan uwan Ammi da bai taɓa amsa sallamata ba.

Sai na ji mutum a bayana. Ƙanin matata ne da babban faranti, ya juye dabinon a wani wuri. Ya bi ni muna tafiya tare kamar an shirya. Ya yi ƙasa da murya da Hausa, yadda baƙi ba za su ji ba.

"Yaya, in karɓa? Ko hannuna bai nuna ba?"

Na ce, "Ya nuna. Don Allah sauke ni."

Ya tallafo farantin ƙarƙashin na dama ya ce in saki, na ce ba na jin yatsun. Da kansa ya ɓamɓare su ɗaya ɗaya, kamar mai ƙwace abu a hannun jariri. Ya ɗauki kofin farko da dama ya kai wa Ammi, ya riƙe masa gindin har ya kurɓa. Ammi ya ɗago da farin gashin baki na sobiya, ya nemi wanda zai gwara da shi bai samu ba, ya gwara da farantin.

Lokacin gahawa ya yi, dalla na kan wuta. Yatsuna sun ƙi miƙewa, suna lanƙwashe kamar na mai shirin yakushi. Ɗan Ammi bai ko kalle ni ba, kuma na gode masa. Ni na ce wa ƙanin matata ya ɗauka. Na tsaya daga bayan ƙofa na ga ya fara da Ammi, ya bi dama, zubinsa siriri ba yanke. Abin da zai iya ke nan tun shekaru masu yawa in da na bar shi.

Tun ranar ina wajen murhu, ina soya 'ya'yan gahawa ina daka hel, ƙwayar ƙamshin nan da ake sa mata, kuma ba a sallace ni ba. Kafaɗata ta dama har yanzu tana sanar da ni in za a yi sanyi. Daga baya na faɗa wa matata ainihin inda na ga kofunan da wadda na koya a wurinta. Ta ce da na tambaye ta da ta faɗa mini, duk macen da ta taɓa ɗaukar tulu ta san a tebur mai tsayi ake sauke irin wannan kaya. Ta shuka na'ana'a a guda shida. Ammi ya riƙe ɗaya yana zuba carbi da makullai. Turare kuwa na saya mata a wani shago a unguwar Bani Malik nan Jidda, na ce daga can ne, ta ce ta ga ledar.