Doguwar Sujadar Kawu a Adogi

Mun tashi da asuba daga Akurba, unguwarmu a Lafiya, ni da mahaifiyata, za mu Adogi duba yayanta da aka ce shawara ta kama shi. Ni ɗalibar likitanci ce, kwanan nan aka fara shiga da mu ɗakin marasa lafiya, amma a wurin Mama asibiti ta ɗauko sukutum. Ruwan sama ya cinye hanya, direba kuma ya cusa mu kamar buhunan gyaɗa. A bakin titi Mama ta taya doya, ta ji kuɗin, ta ce a bar wa mai ita.

Ƙaton manomi na san Kawu. Wanda na tarar a kan tabarma riga ta yi masa yawa, idonsa ya yi ɗorawa, jikinsa duk sawun susa. Aka kawo tuwo da miyar riɗi, ya kawar da kai. Matarsa ta ce wata da watanni ana ɗura masa jiƙon saiwa. Babu zazzaɓi, sai fitsari kamar baƙin shayi, bayan gida fari fat, ga ciwon suga da ya same shi bara da tsufansa.

"Amma ciwon ya ƙara masa ibada," in ji ta. "In ya yi sujada sai ya daɗe bai ɗago ba. Har liman na yabonsa."

An koya mana cewa kansar fankiriyas, wato ciwon dajin tsokar nan da ke kwance a bayan tumbi, zafinta kan ratsa har baya, ya tsananta in an kwanta rigingine, ya lafa in an sunkuya. Da muka keɓe na tambayi Kawu dalilin doguwar sujadar.

"'Yata, a nan kaɗai bayan ke sakina," ya ce. "Kar ki gaya musu, sun ji daɗi."

Na roƙe shi ya biyo mu a yi masa hoton ciki. Na yi magiya, na yi fushi, ya ce sai ya haƙe doyarsa.

Mun dawo Lafiya da la'asar. Tafiyar ta koya mini cewa alamomin da muke haddacewa a jere, a gida ɗaya bayan ɗaya suke zuwa, kowace a sama mata dalili, har lokaci ya ƙure. Muna shiga gida Mama ta buga wa Kawu waya, ta ce Allah ya kai mu kaka a zo asibitin. Na ce amin, ban iya kallon fuskarta ba.