Jan Layi da Tsohon da Bunsuru Ya Kora

Karatuna bai yi nisa ba, kuma ba na ɓoye wa kowa. Aji biyu na yi a kolej aka ce in tattara nawa-ya-nawa in ba masu rabo wuri. Waɗanda nake raɗa wa amsa a aji yau suna Yamai cikin motoci masu sanyi, in sun zo Matameye gaisuwar mutuwa sai su miƙo mini yatsu biyu ta taga. Ni kuwa na ƙare a bakin gidan waya da keken rubutu, ina buga wa mutane wasiƙa da takardar koke.

Shekarar da damina ta yi mana rowa, sojoji kuma suka karɓi mulki, gero bai kai gwiwa ba ya bushe a tsaye. Wata ƙungiyar agaji ta buɗe biro, wato ofis, a bayan kasuwa za ta raba hatsi, suna neman mai saurin yatsu. Masu digiri sun zo su biyar, kowa na buga harafi da yatsa ɗaya kamar kaza tana tsattsagar tsaki. Ni aka ɗauka. Ba don Allah ba, don babu yadda za su yi.

Aikin ba wuya. Magidanci ya zauna gabana, in cika gurabe biyar a fuskar na'ura: suna, sunan uba, gari, ranar haihuwa, yawan bakin da yake ciyarwa. In danna maɓalli, bayanin ya bi rezo, wato hanyar intanet, ya tafi Damagaram. In an karɓa, koren layi ya fito, mutum ya samu katin hatsi. In an ƙi, jan layi ya fito da kalma uku cikin Faransanci, ma'anarsu dai akwai kuskure. Ina kuskuren yake? Oho. Sannan na'urar ta share duk abin da na rubuta, don in san ba ni da gata.

Ranar farko kowa ja. Na yini ina gumi kafin na gane inda gizo ke saƙa. Mutanenmu na ƙauye ba su da ranar haihuwa. Katinsu na ɗan ƙasa cewa yake an haife su wajen shekara kaza, shi ke nan, ita kuwa na'ura tana son rana da wata. Sai na yi dabara: kowa ya zo in ba shi ɗaya ga watan Janairu. Kore ya fara zuba. Cikin mako biyu na mayar da rabin ƙasarmu ta Kance 'yan rana ɗaya, kai ka ce matan zamanin da sun haɗa baki ne. Shef, wato shugaban biron, wani mai ɗamarar wuya da ba ya amsa sallama sai da hanci, har ya ce ina da kai. Na yi kwana uku ina taƙama.

Ranar wata Litinin wani tsoho ya zo daga wani ƙauye gaba da Ɗan Barto, a ƙafa, da sanda da buta. Siriri ne kamar karan dawa, amma bakinsa da sauran mai. Baki tara yake ciyarwa, yawanci jikoki, 'ya'yansa maza sun tsallaka iyaka neman abinci. Na cika gurabe na danna. Ja.

Na sake. Ja. Na canza manyan haruffa zuwa ƙanana, na rage bakin daga tara zuwa takwas ko yawa ne ya yi mata, na mayar. Sau bakwai, ja.

Ya ce, "Ɗana, me ta ce?"

Na ce, "Baba, ta ce akwai kuskure."

"Nawa ko naka?"

"Ba ta faɗa ba."

"To tambaye ta mana. Ai kai ne mijinta."

Mutanen da ke layi suka fashe da dariya. Na ce ba a tambayarta. Ya gyara zama ya ce, "Ikon Allah. Alƙali in zai ɗaure ka sai ya karanta maka laifinka. Su kansu sojojin nan da suka hau mulki sai da suka shiga rediyo suka faɗi dalili, ko ka yarda ko kada ka yarda. Wannan 'yar akwatin ta fi su girma ne?"

Na kai maganar wurin Shef. Bai ɗaga kai ba ya ce in iya rubutu da kyau, na'ura ba ta ƙarya. Ya kuma tuna mini ana rufe rajista ranar Alhamis da azahar, wanda bai shiga ba sai wata shekara. Wata shekara! Kamar ciki yana da kalanda.

Tsohon nan bai koma gida ba. Ya ce da wane ido zai dubi jikokinsa. Yana kwana gidan wani ɗan ƙanwarsa mai sayar da igiya, da safe ya zo ya shimfiɗa buzu ƙarƙashin bishiyar dogon yaro ta ƙofar biro. Duk wanda ya fito da kati sai ya ce masa, "Barka, kai ta so ka." In na fito shan ruwa ya ce, "Ango, amarya ta huce?" Talata na gwada sau biyar. Har sai da na sa shi ya wanke hannu ya danna maɓallin da kansa, ko jinina ne ba ta so. Ja.

Laraba da hantsi wata mota ta zo daga Damagaram da matar da ke kula da na'urorin ƙungiyar. Hajiya ce, za ta girme ni kaɗan, da tabarau da haƙorin Makka, tana tafe tana ɓantarar goro. Shef ya ruga yana zuba mata Faransanci, komai lafiya, komai daidai. Ni kuwa bakina ba ya riƙe miyau.

Na ce, "Hajiya, komai ba daidai ba. Wanda ya ƙera wannan abu bai taɓa zama gaban mai yunwa ba. Ta ce kuskure ta yi shiru, kamar matar da ta yi yaji ba ta faɗi abin da aka yi mata ba."

Shef ya zare mini ido. Hajiya ta tofar da goro ta ce, "Matsa in gani, Malam."

Ta sa na sake shigar da tsohon, shi kuma ya shigo ya tsaya bayanmu yana leƙe. Da jan layi ya fito sai ta buɗe tata ƙaramar na'ura, wani baƙin shafi ya bayyana cike da ƙananan rubutu. Ta ce, "Ka ga, ba bebiya ba ce. Duk takardar da ka aika, can ana duba ta gurbi-gurbi, wanda bai yi ba a rubuta dalili a liƙa wa takardar, ta dawo da su kamar jakar tsaraba. Wanda ya shirya shafinka ne ya yi ƙyuya, bai kwance jakar ba. Ya ga dai da kaya a ciki, ya ce a rubuta kuskure."

Na ce, "To me ke cikin jakar Baba?"

Ta karanta. Ta cire tabarau ta dube shi. "Baba, ta ce ka riga ka karɓa. Akwai mai sunanka, da sunan ubanka, a garinku, an haife shi rana ɗaya da kai, ɗaya ga Janairu. Tun makon jiya aka ba shi kati."

Tsoho ya buga sanda a ƙasa. "Wannan ɗan banzan! Takwarana ne na bakin rijiya! Ubansa ma takwaran ubana ne. Shekara arba'in yana cin iyakar gonata taƙi-taƙi, yanzu ya biyo ni cikin akwati ya cinye ni gaba ɗaya. Kuma wa ya ce rana ɗaya aka haife mu? Ina rarrafe aka yi sunansa! Mai rubuta katin ne ya jera mu shekara ɗaya don yana saurin zuwa cin tuwo."

Hajiya ta juyo gare ni. "Wa ke raba wa mutane ɗaya ga Janairu?"

Na dubi rufi. Shef, wanda ya ce ina da kai, ya ce shi dama tun farko bai yarda da ni ba.

Na ce to abu mai sauƙi, a ba Baba biyu ga Janairu. Ta ce a'a, ba a ɗinke ƙarya da ƙarya, kuma ranar rabo mai gari ne zai tsaya yana shaida mutanensa, in aka kira suna ɗaya mutum biyu suka miƙe, biyu ga wata ba za ta raba su ba. Ta tambaye ni, mu a nan yaya muke bambance takwarori. Na ce da laƙabi mana, wa ke kiran mutum da sunan yanka a ƙauye? Ta ce madalla, za ta ƙara gurbin laƙabi, ta kuma sa a karɓi shekara kaɗai ba rana.

Ta zauna ta yi ta bugawa har la'asar. Ta gyara yadda kowane dalili zai fito a gefen gurbinsa, kuma abin da na rubuta ya daina gogewa. Sannan ta ce tunda ni ne mai baki, in faɗa mata yadda za a rubuta dalilan da Hausa. Ban taɓa jin daɗin aiki irin na wannan yammacin ba. Inda aka bar gari babu komai na ce a sa: "Daga sama ya faɗo? Rubuta garinsu." Inda aka sa harafi a wurin lamba: "Baki nawa, ba wane ne ba." Na takwarori kuwa: "Akwai mai wannan suna a garin, tambayi laƙabinsa." Akwai guda biyu da ta ƙi rubutawa, ta ce ƙungiyar ba ta zagi.

Kafin ta gama rezo ya ɗauke. Ta ce ta aika gyaran, zai hau da zarar ya dawo, ta shiga mota ta nufi Icirnawa.

Alhamis tun da sassafe layi ya kai bakin kasuwa, kowa ya ji ranar ƙarshe ce. Babu rezo. Wuta ma ta ɗauke, aka tada injin wuta yana ta ruri bayan taga. Tsoho na zaune gabana, yau babu ba'a, sai jan carbi. Rana ta take tsaka, har ladan ya fara gyaran murya a lasifika, sannan shafin ya buɗe, da sabon gurbi a ƙasa.

Na cika na danna ban sa laƙabi ba, don in gani. Ga shi kuwa, a gefen suna, da Hausata: akwai mai wannan suna a garin, tambayi laƙabinsa. Sauran gurabe suna nan ba a taɓa su ba. Na karanta masa da ƙarfi.

Ya ce, "Yawwa. Yanzu ta yi maganar mutane."

Na ce, "To Baba, laƙabi."

Ya ce, "Ba ni da shi."

"Baba, babu ɗan ƙauyen da ba shi da laƙabi."

"Rubuta Dattijo."

"Haka mai gari ke kiranka?"

Ya kau da kai. Wani mutumin garinsu da ke layi ya fara tuntsira dariya yana riƙe ciki. Ashe ranar ɗaurin auren tsohon na fari, yana cikin babbar riga, wani bunsuru ya biyo shi tun daga ƙofar masallaci har ya haye rumbu, gaban dangin amarya. Tun ranar aka liƙa masa suna da bunsurun. Shekara hamsin yana faɗa da wannan suna. Ya fasa wa mutum kai a kansa, ya kai ƙara wurin mai gari sau biyu, jikokinsa ma in sun ji an faɗa sai su gudu.

Ya ce da mutumin, "Ka faɗa in tsine maka." Mutumin ya kama bakinsa.

Na nuna wa tsohon agogon bango. Na ce, "Baba, ni ba zan rubuta abin da ba ka faɗa ba. Baki tara ne."

Ya dubi agogo, ya dubi layi, ya sunkuyo ya raɗa mini a kunne. Wallahi ba mugunta na yi ba, injin wuta ne ya cika mini kunne. Na ce ban ji ba. Ya sake. Na ce ya ɗaga murya. Sai ya miƙe tsaye, ya dogara sanda, ya faɗi sunan nan da ƙarfin da har masu awo a kasuwa suka ji. Daidai lokacin injin ya shaƙe ya yi shiru na ɗan lokaci, kamar da shi aka haɗa baki.

Biro ya kaure da dariya. Wata tsohuwa har da guɗa. Na buga, na danna da sauri kafin batir ya mutu. Kore.

Ya karɓi katin ya juya shi gaba da baya, ya sa na nuna masa inda laƙabin yake. Ya ce, "To. Shekara hamsin bunsurun nan yana bina, yau dai ya biya kuɗin gudun da na yi."

Da aka gama aikin suka sallame ni da takardar yabo mai kuskure a sunana. An ce mini dalilan nan da na tsara har a biro na wasu garuruwa an yi aiki da su, kuma Shef ya samu ƙarin girma saboda sabuwar dabara. Allah ya isa ban ce ba, ban kuma ce ban ce ba.

Amma ranar rabo na je. Aka kira suna da laƙabi a lasifika gaban gari guda. Tsoho ya taso yana tafe a hankali kamar sabon hakimi, ya wuce ta gaban takwaransa, ya tsaya ya ce masa, "Kai da ba ka da ko bunsuru, matsa." Ya sa aka ɗora masa buhu a kan amalanken maƙwabci, ya hau ya zauna a kai.